Shekarar da Gwaggo Ta Je Ganin Ɗaki a Jami'a

Ran sunan jaririyar Bilkisu ina zaune a ɗaki, ina jin ku a tsakar gida kuna gardama a kan jikata Hauwa. Ita tana so a kai ta ta ga jami'ar da take sha'awa kafin ta cike takarda, ku kuma kuna cewa wahalar hanya ce kawai, duk abin da za ta gani yana cikin waya. Sai na ji ɗayarku ta ce a bar yarinya ta yi karatunta inda take so, kada a yi mata abin da Gwaggon Ajingi ta yi wa Hajiya, wato ni. Kowa ya ce haka ne. Kusan shekara hamsin ke nan ana faɗin wannan magana a gabana ina yin shiru, kuma shirun nan nawa shi ya rene ta har ta girma ta zama gaskiya a bakinku. Ba ku san Gwaggo ba sai a labari, labarin kuma karkatacce ne. To ga yadda abin ya faru.

A shekarar muna Gaya, a gidanmu na bayan kasuwa mai darbejiya biyu a ƙofa. Babana, kakanku Malam Idi, malamin gona ne. Kullum yana kan keke daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana nuna wa manoma sabon irin gyaɗa da yadda ake zuba takin zamani, su kuma suna sauraronsa cikin ladabi su koma su yi yadda suka gada. Karatunsa a midil ya tsaya, ba don ya so ba, kuma wannan abu bai taɓa barin zuciyarsa ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, yayarsa Dije ce ta goya shi ta rene shi, har da ta yi aure a Ajingi da shi ta tafi. Ita ce Gwaggo. Ni sunan waccan mahaifiyar tasu aka sa mini, saboda haka daga shi har ita babu mai kiran sunana, sai dai su ce Uwata. Sauran mutanen gida kuma su ce Uwani.

Na gama makarantar kwana ta 'yan mata a Kano na dawo gida da akwatin ƙarfe da sakamako mai kyau, da wani ɗan littafi da shugabar makaranta ta ba ni, wanda yake bayanin jami'ar da ke Zariya. A bangonsa akwai hoton wata yarinya zaune ƙarƙashin bishiya, littafi a cinyarta, bayanta dogon bene mai tagogi da yawa. Ba a ganin fuskarta sosai, shi ya sa ban sha wuya ba wajen sa tawa a wurin. Duk daminar nan a cikin hoton na zauna. In ina tankaɗe, ina ƙarƙashin bishiyar. In na je ɗebo ruwa, na leƙa rijiya, tagogin benen nake gani suna rawa a kan ruwan. Na zaɓi tagata, ta uku daga hagu a hawa na biyu, na sa mata labule shuɗi. Na san irin iskar da take shigowa ta cikinta da la'asar, na san ƙamshin ciyawar wurin bayan ruwa, har waƙoƙi na rubuta a bayan littafin lissafina a kan wurin da ban taɓa takawa ba. Inna takan leƙo madafi ta same ni da muciya a hannu ina kallon hadari.

"Uwani, tuwon nan in ya ƙone, gajimaren za ki kwasa mana?"

Da gero ya fara fitar da kai sai takarda ta zo. An ba ni gurbi a ajin share fagen shiga jami'a, kuma an sa rana guda da za a buɗe ƙofa ga waɗanda aka ɗauka da iyayensu, su zo su ga wuri kafin a fara karatu. Baba ya karanta ta a tsaye a zaure, ya sake karantawa a zaune, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Kwana uku tana aljihun nan. Duk wanda ya gaishe shi a ofis ko a hanya sai ya ga takardar. Amma dangi ba su yi murna ba. Aka yi ta zuwa ana cewa sakandare ma an yi haƙuri ne, yanzu kuma za a kai budurwa wata ƙasa ta zauna cikin maza, ba uwa ba uba. Baba ba mai hayaniya ba ne. Ya ce musu duka akwai wadda ta fi shi iko da ni, a jira ta.

Gwaggo ta iso washegarin kasuwar Ajingi, a gaban motar da ke ɗaukar buhunan hatsi, da ƙullin ƙuli-ƙuli a kanta da butarta a hannu. Gajera ce, baƙa, mai saurin tafiya, sana'arta man gyaɗa. Amma abin da aka san ta da shi a danginmu shi ne ganin ɗaki. Duk yarinyar da za a aurar, daga Gaya har Balan har Ajingi, Gwaggo ake turawa ta je ta ga ɗakin da za a kai ta kafin a yi jere. Sauran mata suna zuwa ne su ga girman ɗaki don su san yawan kwanukan da za a saya. Ita ba haka take yi ba. Takan auna bango da kamu, ta shinshina kusurwa ta ji ko akwai danshi, ta ƙwanƙwasa azara ta ji ko gara ta ci, ta zuba ruwan butarta a makewayi ta tsaya ta ga inda zai bi. Sannan ta zauna da matan maƙwabta ta raba goro ta bar su su yi ta zuba. In ta dawo kalma biyu take faɗa, ya yi, ko bai yi ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya ja da ita ba. Akwai angon da sai da ya sake ɗaɓe sau biyu.

Ta zauna a tabarma a tsakar gida, aka karanta mata takardar, aka fassara.

"Idi, wurin nan da kake son kai Uwata, kwana za ta riƙa yi?"

"Kwana, Yaya. Shekara huɗu, ko fiye."

"Wa ya ga ɗakin?"

Baba ya yi dariya. "Yaya, ai ba aure ba ne, karatu ne. Ga ma hoton wurin."

Ta karɓi littafin ta riƙe shi nesa da ido, ta juya shi, ta miƙo.

"Hoto. Ni ma ranar da aka ɗauke ni hoto cewa aka yi ban wuce talatin ba. Hoto yana nuna maka inda ruwan wanka yake bi? 'Yar gidan nan ba ta kwana a ɗakin da ban gani ba, ko na sarki ne."

Baba ya ga ƙofa ta buɗe masa. A gaban dangi ya ce ya yarda, Yaya ta je ta gani. In ta ce ya yi, kada wanda ya sake magana. In ta ce bai yi ba, shi ma ba zai sake ba. Shi ba zai bi mu ba, don maza ba sa zuwa ganin ɗaki. Ni kuwa na ce ai sunana ne a takardar, da ni za a je. Gwaggo ta dube ni ta ɗan jima, kamar za ta ce wani abu, sai ta ce to.

Tafiyar nan har yau in na rufe ido ina cikinta. Mun bar Gaya da hantsi, gonaki kore shar hagu da dama, gero ya fi mutum tsayi, gyaɗa ta baje kamar an shimfiɗa darduma. A gadar Wudil kogi ya cika ya batse, ruwan ja wur, masunta a cikin kwalekwale kamar ƙudaje a bakin ƙwarya. A Kano muka shiga jirgin ƙasa, karo na farko gare mu duka biyun. Gwaggo ta riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu har muka wuce tasha ta farko, daga nan ta saki, ta kwance ƙullinta, kafin mu kai rabin hanya ta san sunan kowa a taragon da abin da ya fito da shi. Ni ina jikin taga. Duwatsu suna tasowa daga cikin dawa su wuce, ina ji kamar ba ni nake tafiya ba, wurin ne yake tahowa gare ni. Muka sauka gidan wata 'yar ƙawar Gwaggo da ke aure a Tudun Wada, da safe mijinta ya sa mu a mota zuwa jami'a.

Wurin ya fi hoton kyau. Wannan nake so ku fara riƙewa, don kada ku zaci wani abin ƙi na gani. Tituna masu bishiyoyi a jere, ciyawa an aske ta kamar kan yaro ran sallah, furanni ja da ruwan ɗorawa a bakin kowane gini. Aka tara mu a wani fili, aka raba mu ƙungiya-ƙungiya. Mu aka haɗa mu da wata ɗaliba mai suna Saratu, doguwa, kanta ba ɗankwali, gashinta a tsefe ya yi tsiri kamar kan bishiyar ɗinya, Hausarta irin ta mutanen kudancin Zariya. Gwaggo ta dube ta daga sama har ƙasa.

"'Yar nan, ɗankwalin naki iska ce ta ɗauke?"

"Mama, ai na wanke ne bai bushe ba."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɓare goro ta ba ta rabi. Daga nan suka ƙulle. Aka kai mu gidan kwanan mata, ɗalibai suna hutu, ɗakunan duk a buɗe. Gwaggo ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta shiga da bisimilla, ta fara aikinta. Ta auna bango da kamu tana ƙirgawa a hankali. Ta danna katifa da gwiwa. Ta ja sakata ta mayar sau uku, ta sa Saratu ta fita ta tura ƙofar da ƙarfi daga waje. Ta leƙa taga ta dubi rana ta gane gabas, ta ce akwai wurin shimfiɗa sallaya ba sai an ja gado ba. A banɗaki ta ƙi taɓa famfo, ta zuba ruwan butarta a ƙasa ta tsuguna tana kallo har ya gangara ya shige rariya bai bar ko ɗigo ba. Ta ce, "Wanda ya yi ɗaɓen nan ɗan halak ne." Sauran iyaye, masu manyan riguna da mata masu jakar hannu, suka tsaya suna kallonta, wasu suna murmushi. Ko a jikinta. Ta tambayi wa yake rufe ƙofar gidan, aka nuna mata wata dattijuwa mai ɗaurin makullai a ƙugu. Ta zauna da ita a kan benci suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, goro yana wucewa tsakaninsu.

Ni kuma aka bar ni a tsaye a tsakiyar ɗakin. Gadon ƙarfe biyu, tebur biyu, bango fari fat, ba ƙusa ba zane. Na yi gyaran murya na ji muryata ta dawo mini. Na je taga, babu labule, abin da ake hangowa wani ginin ne mai irin tagogin. Na nemi yarinyar nan da na yi damina guda ina zama a jikinta, na rasa inda zan ajiye ta. A makarantar Kano mu talatin ne a ɗaki, kowa ya san ni, ni ce Uwani 'yar Gaya mai zuwa ta ɗaya. A nan na ga in na rufe ƙofar nan da sakatar da Gwaggo ta yaba, babu wanda zai san ina ciki.

Daga nan aka kai mu ɗakin karatu. A makarantarmu littattafan duka kabad uku ne, kuma na karance su, wasu sau biyu, har a raina ina ganin na kusa cinye littattafan duniya. Muka hau bene, na ga kantoci jere-jere kamar kunyoyin gona, ba a ganin ƙarshensu, aka ce sama ma haka, ƙasa ma haka. Wurin shiru, sai ƙamshin takarda da sanyi. Na ɗora yatsa a bayan wani littafi, na kasa karanta ko sunansa. Wani abu ya sauka a cikina kamar guga ta tsinke a rijiya, ina jira in ji ta taɓa ruwa, ban ji ba.

Na ƙarshe shi ne babban ɗakin lacca, kujeru hawa-hawa suna gangarawa ƙasa. Wani malami mai fara'a ya ce zai ɗanɗana mana yadda ake karatu a nan. Ya karanta wata gajeriyar waƙa ta Turanci a kan kogi, ya tambaye mu me muka ji a cikinta. Wallahi na san amsa. Kogin Wudil na jiya yana gabana, na san abin da mai waƙar yake nufi kamar ni na rubuta. Wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu ta faɗi wani abu da bai ko kusa ba, aka yi dariya, ita ma ta yi, malamin ma ya yi, ba ta ji komai ba. Sai idonsa ya hau sama ya sauka a kaina.

"Ke fa, mai shuɗin mayafi?"

Kawuna suka juyo, maza da mata. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na sunkuyar da kai ina kallon lallen ƙafata. Ya jira kaɗan, ya ce ba komai, ranar farko kowa haka yake, ya wuce ga wani. Babu wanda ya yi mini dariya. Na tabbata kafin a fita kowa ya manta. Ni ce ban manta ba.

Muka fito na sami Gwaggo ta dawo daga ɗakin cin abinci, ta shiga har madafi ta ɗanɗana miya. Ta ce gishiri ya yi kaɗan amma masu girkin suna wanke hannu. Saratu ta rako mu har bakin titi ta riƙe hannuna ta ce in na zo in neme ta, ita za ta nuna mini komai. A hanya na hango bishiyar hoton, ko wata irinta. Babu kowa a ƙarƙashinta.

Washegari a jirgi Gwaggo tana ta lissafa abin da za a haɗa mini, tabarma, buta, labule, 'yar tukunya ko da za a yi marmarin ɗanwake. Fuskarta a sake, irin yadda take in ta dawo daga ɗakin da ya yi. Na bari sai da muka yi nisa, duwatsun nan suna komawa baya ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo."

"Na'am, Uwata."

"Ki ce bai yi ba."

Ta juyo gaba ɗaya. "Me kika gani? Wani ya yi miki magana?"

"Babu."

"To mene ne?"

"Ba zan iya ba, Gwaggo. Tsoro nake ji."

Na fashe da kuka a cikin mayafi. Ta bar ni na yi mai isata, tana kallon waje. Da ta yi magana, kamar da kanta take yi.

"Laifina ne. Kin taɓa ganin an je ganin ɗaki da amarya? Ba a zuwa da ita. Sai an yi jere, an kafa gadonta, an rataya kwanukanta, ta shigo ta tarar da kayan gidansu sun riga ta. Ɗakin da babu komai, ko ni aka sa a ciki sai gabana ya faɗi. Na sani, na bari kika biyo ni." Ta kama hannuna. "Ki bari a yi jeren. Ki zo ki yi wata guda. In bai yi ba, ni da ƙafata zan zo in ɗauke ki."

Na ce a'a. Ta ce to in faɗa wa babana da bakina, ai ba dodo ba ne. Na tuna takardar nan a aljihunsa, da mutanen da ya nuna wa, da yadda ya tsaya gaban dangi saboda ni. In ce masa ba wanda ya hana ni, ni ce na ji tsoron farin bango da tambaya guda? Na ce gara in mutu. Yarinta ce, amma har zuciyata na faɗa.

"Shekara talatin ina ganin ɗaki," in ji ta, "ban taɓa faɗin abin da ban gani ba."

Haka muka wuce Kano, muka wuce Wudil, har Gaya.

Mun iso bayan la'asar. Baba yana ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, ko rigar aiki bai cire ba. Aka shimfiɗa tabarma, dangi na kusa suka shigo, Inna ta kawo ruwa. Gwaggo ta sha, ta ajiye kwanon. Ni ina bakin ƙofar ɗakin Inna, ban san abin da za ta ce ba, kuma Allah ya sani a wannan lokacin rabin zuciyata so take ta ce ya yi, a tilasta mini.

"Yaya, an ga wuri?"

"An gani."

"To?"

Ta dube ni sau ɗaya. Da na ɗaga kai a lokacin, da na ce ko da kalma guda, da rayuwata ta bi wata hanya. Na sunkuyar.

"Uwata ba za ta zauna a can ba."

"Me ya same shi, Yaya? Ginin ne? Mutanen ne?"

"Ka ce abin da na faɗa shi ke nan. Na faɗa."

Dangi suka yi hamdala. Baba ya daɗe yana kallon yayarsa. Ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa wa Inna ya ce ta ajiye, ya ɗauki kekensa ya fita, alhali babu inda za shi.

Ya cika alkawari, bai sake tayar da maganar ba. Na shiga horon malanta, na koyar a firamare a Gaya, da na auri babanku aka mayar da ni Ajingi, na yi shekarun da kuka sani ina koya wa yara karatu. Ba zan ce na yi baƙin ciki da rayuwata ba, don da na tafi da ban same ku ba. Amma wadda ta biya kuɗin tsorona ba ni ba ce. Baba bai daina gaida Gwaggo ba, yakan je da sallah, ya durƙusa, ya tashi. Sai dai zaman hira da yake yi a ɗakinta ran kasuwa, tana tuya yana ɓare mata gyaɗa, ya ƙare. A ganinsa ta bi bayan dangi ta kashe abin da ya fi so a duniya, kuma ta ƙi ko gaya masa dalili. Da aka tashi auren ƙanwata Asabe, wata ya tura ganin ɗaki. Da aka zo na ƙanwata Ladidi ma haka. Labari ya bazu cewa Dije ta tsufa, idonta ya daina gani, har Zariya aka kai ta ta ƙi ginin gwamnati saboda duhun kai. Sauran gidajen dangi ma suka daina aiko mata. Ina Ajingi, gidana da nata ba nisa, ina ganin ranakun da ake wucewa da 'yan ganin ɗaki ta ƙofarta tana zaune tana murza tunkuza. Sau ɗaya kawai ta ce mini, duk ranar da na shirya in gaya masa. Kullum ina cewa sai sallah mai zuwa.

Game da Hauwa, ku kai ta. Waya ba za ta gaya mata yadda cikinta zai yi ba in ta tsaya a wurin. Amma kada ku bar ta ta yanke hukunci a ranar, ko a hanyar dawowa, kuma wanda zai raka ta ya zama mai iya ce mata a'a. Abin da mutum yake gani a rana guda gaskiya ne, sai dai gaskiyar rana guda ce. Ni na ɗauke ta na auna shekara huɗu da ita.

Da ciwon Baba ya yi tsanani na tafi Gaya da niyyar faɗa masa. Na same shi da hantsi a kwance a zaure, an jingina shi da filo, ya rame. Na zauna kusa da ƙafarsa, na shirya maganar tun a mota. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna.

"Uwata, ki yafe mini. Da na tsaya miki a wancan lokacin. Na san da an bar ki, da babu wanda zai kamo ki a wurin nan."

Na ce, "Ba komai, Baba." Iyakar abin da na ce ke nan. Bayan kwana tara ya rasu.

Da aka share makoki na koma Ajingi, na shiga wurin Gwaggo. Tana tsakar gida da faranti a cinya tana tsince gyaɗa, idanunta sun yi ja. Yaron da ta goya ne ya tafi yana jin haushinta. Na durƙusa a gabanta na kasa ɗaga kai.

"Kin gaya masa?"

"A'a, Gwaggo."

Hannunta ya tsaya a cikin farantin. Na jira ta zage ni, na so ta zage ni. Sai ta ci gaba da tsinta, tana ware masu kyau gefe guda.

"To bar shi," ta ce. "Cikin mu biyu, gara da ya tafi da darajar ɗayarmu a cike a idonsa." Ta ture mini farantin. "Sa hannu, Uwata, rana tana yi."

Na sa hannu muka tsince gyaɗar tare. Ta rayu shekara shida bayan haka, ba ta gaya wa kowa ba.